Kwamfutata ta kira gwaggon ango "Baki daga Damagaram"

Assalamu alaikum Tanti Sakinatu. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, don tarewar ƙanwata ta tsaya saboda harafi ɗaya, kuma daga hannuna harafin ya fito. Kada ki sa sunana, ko da yake duk mai waya a Difa ya riga ya ga aikina.

Mu mutanen Baruwa ne. Da aka tashe mu daga garinmu mun zauna bakin gudiron, wato babbar hanyar kwalta, daga baya muka samu ɗan gida cikin Difa. Babana, Ba Grema, manomin tattasai ne a gaɓar Komadugu, amma yanzu gonar sai dai ya ba da labarinta. Ni kuma wani foroje, wato shirin tallafi na masu agaji, ya koya mana aikin bidiyo, na riƙe shi hannu biyu. Ina ɗaukar biki ta ɓangaren mata, inda maza ba sa shiga, in haɗa a kwamfuta, in sa sunayen mutane a ƙarƙashin hotunansu. Alhamdulillahi ina samun na sabulu, har ina taimaka wa gida.

Tanti, sunayen da nake sawa a tsaye suke ƙiƙam kamar allon lakwal, makarantar boko, ba wanda ya taɓa kuka da su. Sai wani mai situdiyo ya fara fitar da bidiyon da sunan amarya ke zubowa daga sama kamar yayyafi, mata suka fara tambayata me ya sa nawa ba sa motsi. Na bincika, aka ce mini fulogin ne, wato ɗan ƙarin kaya da ake liƙa wa manhajar haɗa bidiyo don ya sa rubutu rawa. Wani mai tura finafinai a kasuwa ya zuba mini ɗaya a kile, ƴar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya rantse mini cewa irinsa ake aiki da shi a Maiduguri. Na raɗa masa suna Mai Tsalle, don sunansa na gaskiya harshena ba ya iya faɗa.

Bikin ƙanwata Meram ne aikinsa na farko. Ta auri Hafiz, ɗan ƴan kasuwar Damagaram da ke da shago a nan. Wannan ne bikin kirki na farko da muka yi tun barinmu gida, shi ya sa na ce sai na nuna gwaninta.

Ina cikin aiki a tsakar gida sai kwamfuta ta fito da saƙo da Faransanci, na karanta a fili: "police introuvable". Baba na kan tabarma yana lazimi, ya ji an ambaci polis. Kin san halin da muke ciki da dokar ta-ɓaci. Ya miƙe, ya ce mene ne haɗin polis da auren ɗiyarsa, ai an sanar da mai unguwa, kuma an tashi biki tun kafin magariba. Ya ɗauki hularsa zai je ya yi musu bayani da kansa, ya ce kafin ya dawo a rufe na'urar da zane. Ni ma a lokacin ban san cewa a Faransanci police na nufin salon haruffa ma ba, wato cewa take ba ta samu salon ba. Don hankalin tsoho ya kwanta na danna maɓallin da ya fi kusa da hannuna, saƙon ya ɓace, na ce masa polis sun tafi. Ashe abin da na amince da shi shi ne a maye duk harafin da Mai Tsalle bai sani ba da wanda ya sani. Ban sake duba komai ba, don kuran, wato wutar lantarki, na ta ɗaukewa, na fitar da bidiyo a gurguje.

Aka taru kallo bayan la'asar a gidan dangin ango, an fito da talabijin tsakar gida, maza a gefe, mata a gefe. Sunan Baba ne ya fara fitowa. Ya faɗo daga sama, ya yi alkafura, ya dire. Baba ya gyara zama yana murmushi. Sai hoton Hasna, ƙanwar Hafiz, aka rubuta "Kanwar ango". Wata tsohuwa ta tambaya ko irin ta miya ce ko ta dabbobi, aka yi dariya, Hasna ma ta yi. A nan na tuna abin da ke tafe.

Akwai Hajiya A'i, gwaggon Hafiz, ita ta raine shi, kuma a gidanta na Damagaram amarya za ta tare. Mace ce mai kirki, amma Allah ya yi ta da yawan magana. Waɗanda suka zo mota ɗaya da ita sun ce a shingayen hanya sojoji da kansu ke ce wa direba ya wuce, don in ta fara gaishe su ba ranar gamawa. Na ɗauke ta tana tsakiyar ba da labari, da tsokar kifi a hannu. Abin da na rubuta a ƙarƙashinta da sauran matan da suka zo tare shi ne "Baƙi daga Damagaram". Abin da ya fito shi ne "Baki daga Damagaram". Kuma Mai Tsalle bai bar shi haka ba, sai da ya sa kalmar tana buɗewa tana rufewa. Daidai nan hoton ya maƙale, fuskar Hajiya ta tsaya, amma rubutun ya ci gaba da buɗewa da rufewa.

Wanda ya fara dariya maigidana ne, har ya zame daga benci. Wani ya ɗauka a waya, yanzu ya zama sitika, mata na tura wa juna in wata ta cika surutu.

Hajiya A'i ta tashi ta shiga ɗaki. Magana ɗaya ta aiko da ita: ƙarshen wata za ta koma gida, kuma ba za ta tafi da ɗiyar gidan da aka shirya mata wulakanci ba. Tun daga nan ba ta ƙara cewa uffan ba, kuma shirun nan ya fi komai tsorata danginta. Hafiz ya ce tun da aka haife shi bai taɓa jin ƙarar agogon bango a gidan da take ba sai yanzu. Meram na zaune da kayanta a ɗaure, ba ta cin abincin kirki, in na shiga sai ta juya mini baya.

Na yi ƙoƙarin gyara. Na cire Mai Tsalle na sake sawa, yanzu duk inda ƙ ko ɗ suke sai ɗan akwati ya fito yana rawa. Na gwada rubuta sunan liman da ajami, haruffan suka rabu da juna suka shigo da baya da baya. Na samo wani fulogin na halal da malaminmu na foroje ya yaba. Shi yana girmama haruffanmu, amma kullum na buɗe shi sai ya nemi rezo na intanet, ni kuma rezon gidanmu sai an hau kan duro. Ga sanyin jiki, haruffansa na shigowa a hankali kamar masu zuwa gaisuwar ta'aziyya. Na haɗa su biyu wuri ɗaya, manhajar ta rufe kanta, kwamfutar ta yi zafin da za a iya gasa masara a kai.

Wani abin kuma, Baba ya ce duk gyaran da zan yi kada in taɓa alkafurar sunansa. Ya sa na tura masa a waya, yana nuna wa abokansa a majalisa. Ya ce tun da muka baro Baruwa ba wani abu nasa da ya yi tsalle sai wannan.

To Tanti, wanne zan riƙe cikin biyun? Yaya zan fahimtar da Hajiya cewa na'ura ce, alhali gaskiya kalmar ta dace da ita, abin da ya sa ba wanda ya yarda kuskure ne? Kuma me zan yi da maigidana, da har yau in ya ga kifi sai ya fita waje?

Taki cikin damuwa,
Yayar amarya, Difa

Wa alaikumus salam, ɗiyata.

Na karanta wasiƙarki, na kai ta wurin Malam Haladu mai tsara shafukan wannan jarida, wanda ya yi furfura yana faɗa da ƙ da ɗ. Sai da ya gama share hawaye sannan muka yi magana. Mu fara da na'ura, don ita ce mai sauƙin lallashi.

Mai Tsalle ya tafi. Kayan da aka zuba miki a kasuwa ba ki san abin da ya shigo tare da shi ba, kuma ba ki da wanda za ki kai wa ƙara. Ki cire shi gaba ɗaya, ki share tarkacen da manhajar ke ajiyewa, ki kashe kwamfuta ki kunna. Zafi da rufewar da kika gani, biyun ne ke rigima a kan rubutu ɗaya. Duk ranar da irin haka ta sake faruwa, ki kashe fulogin duka, ki riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har mai laifi ya nuna kansa.

Na biyun ki riƙe shi, amma ki tambayi malaminku ko yana da hanyar rajista sau ɗaya da ba ta neman rezo kullum. In babu, ki nemi wani, don bai kamata sana'arki ta dogara da hawa duro ba. Sanyin jikinsa kuwa, galibi akwai wurin ƙara sauri, ki duba. Malam Haladu ya ce kafin ki yarda da kowane fulogin ki tabbata yana barin ki zaɓi salon haruffan da kike so, kuma ya dace da manhajarki. Sannan ki ba shi jarrabawa: ki rubuta "Ɓera ya ɓuya a ɗakin ƴar baƙuwa" da ƙananan haruffa da manya, ki ƙara harafin nan na Barebari mai kama da e a kife, da layi ɗaya na ajami. Ki fitar da ɗan guntun bidiyo ki kalla a talabijin, don abin da ke fuskar kwamfuta kan bambanta da abin da ke fita. In ajami ya ƙi, ki mai da shi hoto ki motsa shi a dunƙule.

Alkafurar Baba ba ta buƙatar kowa. Manhajar da kanta tana iya juya rubutu, sai dai ki yi da hannu. Ki yi masa, ki ƙara masa guda. Dattijon da ya rasa gonarsa ya ga abin da ya sa shi murmushi, ba za mu ƙwace masa ba.

Yanzu Hajiya. Ke ba ki yi da gangan ba, na yarda. Amma kin miƙa aikin da ba ki kalla ba, wannan naki ne, ba na polis ba. Ita kuma ta yi doguwar tafiya a hanyar da mutane ke tsoro don ta ɗauki ɗiyarku da mutunci, aka yi mata dariya gaban surukai. Fushinta yana kan hanya. Inda ta wuce gona da iri shi ne ɗora wa Meram, wadda ba ta danna komai ba.

Kada ki je mata da bayanin haruffa, kuma ko da wasa kada ki ce kalmar ta dace da ita, ko a zuci ki daina faɗa. Ki je da wata babba daga gidanku, ki durƙusa, ki ce kin yi sakaci kin kunyata ta, ki nemi gafara. Bayan nan ki buɗe kwamfuta ki nuna mata rubutunki na asali da ƙugiyarsa. Ki ce ba za a fitar da sabon bidiyo ba sai ta zaɓi hoton da take so da kalmomin da za a sa a ƙarƙashinsa. Ni da zan ba da shawara, "Uwar ango" zan ce, ya tsaya cak ba motsi. In ta fara yi miki faɗa, ki gode wa Allah, ki gyara zama, kada ki sa wani aiki a ranar.

Sitika ba ya dawowa. Ki roƙi danginku su goge nasu, sauran gari za su samu wani abin dariya kafin kasuwa ta zagayo. Maigidanki kuma ya je tasa gaisuwar daban, a ranar da ba a dafa kifi ba. In ya ji ba zai iya riƙe fuskarsa ba, ya aika da goro ya zauna gida.

Kafin duk wannan, ki shiga wurin Meram yau da kwanon abinci, ko da bayanta za ki yi wa magana, ki gaya mata kin ɗauki nauyin gyarawa. Allah ya sanyaya zuciyar Hajiya, ya kai amarya ɗakinta lafiya, ya sa albarka a sana'arki, ya zaunar mana da Difa lafiya.

Tanti Sakinatu