Sandar Malam Brendan Tana Sitonka, Alhaji

Zuwa ga Alhaji Ɗanlami, mai masaukina, kuma babba a cikin 'yan kasuwarmu na unguwar Xiaobei, birnin Guangzhou.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya, da iyali can Kano, da harkoki. Na san za ka ji zafin ganin takardar nan manne a bangon gidan abincin da muke taruwa bayan sallar Juma'a, kowa na karantawa. Ni ma da zafin na rubuta ta. Sau uku ina zuwa gabanka da maganar nan a bakina, sau uku ina komawa da ita. Tunda bakina ya kasa, bari hannuna ya gwada.

Maganar a taƙaice ita ce: akwai sandar wani bawan Allah a sitonka, ba taka ba ce, ba tawa ba ce, mai ita kuma zai bar ƙasar nan ranar Asabar ta sama, ba zai dawo ba. Ina so ta koma hannunsa kafin ya tafi. Ga yadda aka yi, domin waɗanda ba su sani ba.

Na farko, mai sandar.

Sunansa Malam Brendan, mutumin ƙasar Ireland ne, yana koyar da Turanci a wata jami'a da ke Tianhe. Watan da na iso garin nan zazzaɓi ya kayar da ni, kai kuma ka yi tafiya. Na kai kaina asibiti a tasi. Likita na magana, ni ina kallon bakinsa, ko kalma ɗaya ban kama ba. Sai wani dogon Bature da ya zo a duba masa yatsa ya taso daga benci ya yi mini tafinta. Da aka kwantar da ni, kwana huɗu yana hawa mota biyu daga Tianhe ya zo duba ni. Ya tambaye ni abin da ba na ci, ya nemo shagon Musulmi ya riƙa kawo mini taliya a kwano. Ban san shi ba, bai san ni ba.

A ɗakinsa na fara ganin sandar, rataye a bango. Ta wani wasan ƙasarsu ce da suke kira hurling, ya ɗan yi kama da ƙwallon gora, sai dai su a sama suke dukan ƙwallon. Mutum goma sha biyar kowane ɓangare, ƙaramar ƙwallon fata mai tauri, kowa da sanda mai tsawon ƙugu wadda ƙarshenta ya lanƙwashe ya yi faɗi kamar tafin hannu. Duk shekara, wajen ƙarshen sanyi, kwalejojinsu suna yin gasa ta kifa ɗaya ƙwala. Wanda aka ci, sai baɗi. Kwalejin da ya yi ƙarama ce, ta daɗe ba ta shiga sahun manya ba, bana ta shiga. Shi ma ya taɓa buga mata, kuma da wannan sandar ya buga. Kawunsa ne ya sassaƙa masa ita daga wata bishiya a gonarsu, kawun kuma ya rasu.

A wasan nan sanduna suna karo, suna karyewa, don haka kowace ƙungiya tana ajiye jakar sanduna a gefen fili, wanda tasa ta karye a miƙa masa wata. Malam Brendan ya so ya yi wa kwalejinsa kyautar guda arba'in. Ya tambaye ni ko na san masu aikin katako. Ni da nake neman hanyar da zan rama alheri, na bugi ƙirji na ce ya bar mini. Ya sauke sandar daga bango ya ba ni a matsayin samfur, na kawo maka, domin a wajenka na sauka, kuma duk cinikin baƙo ta hannun mai masaukinsa yake bi.

Na biyu, ranar masana'anta.

Kai ka zaɓi wurin, kai ka ɗauki mota, muka yi ta zagaye har na kasa gane gabas. Mai masana'antar, wato lawban kamar yadda ake kiran mai gida a nan, mai yin ƙafar kujera da maratayin kaya ne. Ya juya sandar, ya auna ta da awo, ya ɗora ta a kan wani miƙaƙƙen katako ya zana siffarta da fensir. Ka ce masa, “Sem-sem, lawban, iri ɗaya sak, amma a sa mata ƙyalli, wannan ta yi duhu.” Ya yi dariya, ka yi dariya.

Alhaji, ni ɗan masassaƙi ne, ka kuma sani. A gindin gizago na tashi, a ƙauyenmu na gefen Rano. Mahaifina ba ya taɓa yanke ƙotar fartanya daga miƙaƙƙen ice. Sai ya yi yini a daji yana neman inda reshe ya lanƙwasa da kansa, domin jijiyar icen ta bi gwiwar ƙotar. Tun ranar da na riƙe sandar Malam Brendan na ga haka aka yi ta: daga gindin bishiya aka ciro ta, inda saiwa ta karkata, jijiyoyin suna gangarowa su bi lanƙwasar har baki. Idan aka zana ta a miƙaƙƙen katako aka yanke, a ido iri ɗaya ce, amma bugun farko zai raba ta a wuya. Na ga fensirin nan yana tafiya, na san abin da zai faru.

Na buɗe baki, ka dafa mini gwiwa. Tun ranar da na sauka ka koya mini cewa a gaban lawban baki ɗaya ke magana, na babba, don kada su ga kanmu a rabe. Na yi maka kara, na yi shiru.

Wannan shirun na farko zan iya ɗora maka shi. Sauran nawa ne. A mota muna dawowa babu lawban, na yi shiru. Duk watan azumi muna buɗa baki tare, na yi shiru. Ranar da aka kawo kaya, a makare, gab da hutun sabuwar shekarar 'yan ƙasar nan, sandunan suna ta walƙiya kamar sabon kabad na amarya, na ɗauki ɗaya na kankare fentin da farce. Jijiyar a miƙe take, ta ratsa wuyan sandar ta fita. Na shafe wurin da babban yatsa, na naɗe ta a leda, na sa a kwali da hannuna. Tsoro nake kada ka ce yaron da ya zo jiya yana koya maka kaya.

Na uku, kaset ɗin.

Kayan sun isa can ana gobe wasan farko, ba a samu lokacin gwada su ba. Aka zuba su a jaka aka kai gefen fili. Bayan 'yan makonni aka aiko wa Malam Brendan kaset ɗin bidiyo ta gidan waya, da 'yar takarda mai layi biyu. Ya riga ya ji an ci su, bai dai ji yadda aka yi ba. Ya kira ni wata Lahadi da rana mu kalla tare, har ya sayo gyaɗa da lemo.

Fili duk taɓo, ana yayyafi, mai ɗaukar hoton hannunsa na rawa. Kafin hutun rabin lokaci samarin sun yi wasa kamar su ne manyan, har suna gaba. Bayan hutu sandunansu na gida suka fara karyewa ɗaya-ɗaya, yadda aka saba, wani dattijo mai hular ulu ya riƙa rugawa da namu yana miƙa musu. A kaset ɗin ma ana gane namu, saboda ƙyallin da ka ce a sa. Na farko ya kai wa ƙwallo duka, sanda ta rabu biyu. Dattijon ya sake rugowa. Ta biyu ma haka. Na ƙirga bakwai, na daina ƙirgawa. Wani ya jefar da tamu ya ci gaba da gudu hannu sake, yana tare ƙwallo da jikinsa.

Dab da tashi, ana binsu maki ɗaya, aka ba su bugun tazara a wuri mai sauƙi. Gwaninsu, wanda Malam Brendan ya ce shekararsa ta ƙarshe ke nan a kwalejin, ya ɗaga ƙwallon ya kai mata duka. Kan sandar ya yi sama, ƙwallon ta faɗi a gabansa. Ana jin dariyar 'yan kallo a kaset ɗin. Gasar shekara guda ta ƙare a nan.

Malam Brendan ya kashe talabijin. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, sai na ji bakina yana cewa wataƙila sanyin ƙasarsu ne ya busar da icen. Ya kalle ni, ya gyaɗa kai, ya ce mai yiwuwa ne. Ya ce zai rubuta musu cewa laifinsa ne shi kaɗai, shi ya yi gaggawa. Bai yi maganar kuɗi ba a ranar, bai yi ba har yau, ni ma ba ita ta sa na ɗauki alƙalami ba. Abu ɗaya ya roƙa, da zan fita: “Isyaku, idan sun gama da sandata, ka karɓo mini.”

Na huɗu, wata ukun da suka biyo baya.

Zuwan farko ka ce mini tana masana'anta. Zuwa na biyu na roƙi katin lawban mai adireshinsa in je da kaina, ka ɗaga gira ka ce, “Kai da ko shekara ba ka rufa ba, har ka fara neman katin mutanena?” Aka yi mini dariya a shagon, na bi su na yi. Zuwa na uku ka ce ka buga waya, lawban ya ce meyo, wato babu, ta ɓata. Duk abin da ka faɗa mini na kai wa Malam Brendan da ɗan gyara. Na ce gobe, na ce jibi, na ce hutu suke. Da ƙarya ta ƙare mini sai na daina zuwa Tianhe. Rannan na hango shi a gaban kasuwar Baima, na shige bayan masu tura kaya na ɓuya. Mutumin da ya riƙe mini kwano ina amai.

Makon jiya Malam Isufu, ɗan Maraɗi mai sayen batira, ya ja ni gefe ya ce ya ga wata sanda irin wadda nake nema a sitonka. Ban yarda ba sai da na je da sunan duba kwalayena. Tana nan, Alhaji. Tana rataye a bangon samfura, tsakanin tocilan da takalman roba, an rubuta mata lamba da baƙin alƙalami a jiki. Na tsaya na kalle ta, na fito, na same ka a bakin ƙofa, na durƙusa na gaishe ka, ka zuba mini shayi na sha, na tafi. Ko a nan ban iya ba.

Na san al'adar. Wanda ya buɗe hanya shi ke riƙe samfur, ko oda za ta sake zuwa. A kan fitila da kwaɗo da zannuwan gado, ba ni da ja. Amma wannan ba samfur ba ce, aro ce, daga bangon ɗakin mutum aka sauke ta. Kuma babu odar da za ta sake zuwa, duk wanda ya ga kaset ɗin nan ya san haka.

Ba na manta alherinka. Kai ka tarbe ni a filin jirgi, a ɗakinka na kwana wata biyu, kai ka nuna mini masallaci da inda ake sayar da naman halal. Shi ya sa maganar ta yi mini nauyi. Amma mu nan ba mu da yawa, fuskokinmu ƙirgaggu ne. Abin da ɗayanmu ya yi, da sunan Bahaushe ake tuna shi.

Saboda haka ina roƙon abu uku.

Ɗaya, ka sauko da sandar kafin ranar Alhamis. Ba sai ka gan ni ba, ka ba Malam Isufu, ya yarda zai karɓa. Lambar da aka rubuta ni zan goge ta.

Biyu, kada ka ba ni katin lawban, na janye wannan roƙon a gaban kowa. Ba hanyarka nake nema ba, ban taɓa nema ba.

Uku, ina roƙon dattawanmu su duba wannan doka ta baki ɗaya. A bar ta a kan farashi. Amma idan ƙarami ya ga aibi a kaya, a ba shi damar ya raɗa wa babba a kunne ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba.

Ranar Asabar ɗin zan je tashar jirgin ƙasa in raka Malam Brendan, ko da sanda ko babu. A can zan faɗa masa abin da na faɗa a nan: ba sanyi ba ne, na gani tun ranar farko, na kuma naɗe su da hannuna. Ya rubuta wa mutanensa cewa laifinsa ne, zan roƙe shi ya sake rubutawa ya sa sunana. Wannan kunyar tawa ce, ba na neman ka taya ni ɗauka. Abin da nake roƙo kawai, Baba, kada ka bari in tsaya a gabansa in faɗi wannan magana hannu rabbana.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya yi wa kasuwarka albarka, Ya kai kayanka gida lafiya. Idan na yi maka tsaurin ido a takardar nan, ka yafe mini, ni ma ina neman wanda zai yafe mini.

Wassalam.

Ɗanka,
Isyaku ɗan masassaƙi,
Xiaobei, Guangzhou.