Gaba Tara, Ba Ruwa

Daren Laraba, watan Gani, shekarar da sojoji ke dawowa daga Bama. Agege.

Barci ya ƙi zuwa. Ni na ce wa Sarkin Zango sabuwar rijiya gaba tara ce, za a gama kafin ruwan fari. Ya ce a bincika tukuna, na ce a idona aka haƙa tsohuwar rijiyar a shekarar annobar marisuwa, kafin 'yan reluwe su cike ta. A kan maganata aka sayi siminti daidai wannan zurfi.

Yau Tanko mai haƙa ya cika tara. Ya ɗago kai daga ramin ya ce, "Baba, ƙasa kamar garin rogo. Ko ruwan naka ya hau jirgin Kano?" Aka yi dariya. Na ce ya ci gaba, ni ba na mantuwa. Amma siminti ya ƙare, da la'asar kuma na ga hadari. In gefen ramin da ba siminti ya rufta da ɗan mutane a ciki, me zan ce wa uwarsa?

Sai yanzu na tuna wanda ya auna tsohuwar. Marigayi Dogo ne, wanda in ya buɗe hannuwa yakan taɓa bangon zaure biyu. Tanko kuwa gajere ne. Tara dai tara ce, ban yi ƙarya ba, amma ta Dogo ta fi ta Tanko zurfi.

Da asuba zan ɗauke igiyar da Tanko ke sauka da ita in ɓoye. Ba mai shiga ramin nan sai an ƙaro siminti. In sun so su zage ni.