Tasha ta Goma Sha Shida

Mulga Tank, Quilpie
4 ga Maris

Ƙanena Keith,

Gaisuwa mai yawa. Ya matarka Lorraine, ya zafi? Da waya zan buga maka, to kunnen nan naka sai an yi ihu, maganar kuwa ba ta ihu ba ce.

Idona ne. Na hagu ya tafi, na dama yana bin bayansa, likita a Charleville ya ce babu gyara. Ban gaya wa Darren ba, kai ma bakinka alaikum. Ka san ɗan nan nawa. Ranar da ya ji, ranar zai sa gonar a kasuwa ya kai ni gidan tsofaffi in zauna ina kallon bango. Shekarata arba'in da ɗaya a nan, Keith. Tsoro nake ji.

Maƙwabciyata Merle ce kaɗai ta sani. Kullum ƙarfe bakwai na safe muna gaisawa ta rediyon oba-oba a tasha ta goma sha shida, amma a can ko tari ka yi, kafin rana ta ɗaga an ji a gonaki goma. Kai da ka ƙare rayuwarka cikin gyaran rediyo, ka ƙirƙiro mana tasha tamu mu biyu.

Yayarka,
Noelene

Toowoomba
11 ga Maris

Yaya Noelene,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu wasiƙarki, kuma hankalina ya tashi ƙwarai.

Abin da kika nema ba zai yiwu ba. Irin rediyonki tasha tamanin gare shi, a kulle suke tun daga masana'anta, kuma na kowa ne. Ana iya ƙara masa wasu don saurare kawai, ban da magana. Tasha ta mutum shi kaɗai sai da lasisi da wata na'ura dabam.

Ki kula da wannan. A littafin rediyon akwai abin da suke kira lambar sirri. Kada ki taɓa ta. Kunnenki kawai take toshewa: ke ba za ki ji kowa ba sai mai lamba irin taki, amma kowa yana jin ki sarai.

Ba zan gaya wa Darren ba. Ke ya kamata ki gaya masa.

Naki,
Keith

Mulga Tank
6 ga Afrilu

Keith,

Ina gaisuwa. Rubutunka kamar ƙafar tururuwa, da gilashin ƙara girma na yi ta fama, ina kaiwa "ba zai yiwu ba" na ajiye takardar. Shekara sittin kenan kana gaya min abu ba zai yiwu ba.

To ya yiwu, malam injiniya. Merle ta tono lambar sirri a littafin, ta zo ta saka mana. Sati uku kenan tsit kake ji, daga ni sai ita. Na amayar mata da duk abin da ke cikina: yadda na daki turken ƙofar gona da mota, yadda na zuba wa karnuka abincin kaji, har kukan da na yi ranar da na kasa gane fuskar marigayi Ron a hotonmu na aure. Na samu sauƙi, ba kaɗan ba.

Mutane dai sun sauya hali. Col Brannigan, wanda ko gaisuwa sai an roƙe shi, ya zo ya shafa wa turakun ƙofata farin fenti, wai ragowa ya yi masa. Mai kawo wasiƙu ta daina barin kaya a akwatin bakin hanya, har kicin take shigowa tana karanta min abin da ke jikin kowane ƙunshi, kamar na tambaye ta. Tsufa ne ya kama su duka, ina ji.

A gaida Lorraine.
Noelene

Toowoomba
12 ga Afrilu

Yaya,

Na rubuta da manyan baƙaƙe don ki gani. KOWA YANA JIN KI. Ki sa Merle ta cire lambar nan yau. Ki yi haƙuri.

Keith

Mulga Tank
25 ga Afrilu

Keith,

Gaisuwa. Za ka ga hannun ba nawa ba ne. Ina faɗa, Darren yana rubutawa.

Kwana biyu ban ko kalli rediyon ba don kunya. A na uku Merle ta cire lambar, na danna na ce, "Noelene ce daga Mulga Tank. Wa ke nan?"

Col ne ya fara. "To, gimbiya ta buɗe kunne. Wata guda muna kiranki kina share mu."

Na ce, "Munafukai, ashe duk kuna ji."

"Mu ma ba mu so ba. Karnukan sun fara ƙwai kuwa?"

Sai ga su ɗaya bayan ɗaya, har bakwai. Ashe sun raba kwanakin mako a tsakaninsu, kowa da ranar leƙo ni. Murya ta takwas ta ce, "Mama, ni ne." Darren kenan, yana tuƙa motar shanu ta hanyarmu ya ji ni, tun sati na biyu. Ya yi shiru yana jira in gaya masa da bakina.

Ya karɓe makullin mota, mun yi faɗa a kai. Amma ya ce ba zai sayar ba, nan zan zauna. Barci nake yi yanzu har da minshari.

Yayarka,
Noelene

Kawu, wannan ƙarin nawa ne, ita ba za ta iya ganinsa ba. Jiya na shigo kicin na tsaya a gabanta, ta ce, "Col, kai ne?" Na yi mata alkawari, kuma zan riƙe shi iya ƙarfina. Ka zo ka gan ta kafin askin tumaki, tun tana iya ganin ka.

Darren