Ni na taka hannun da yake tafiya da shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, in ya fita akwai matsala babba. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, na san zagin yana nan tafe kuma na ci a zage ni.

Ni mutumin Jega ne, yanzu gemuna ya yi fari. Abin ya faru ne shekarun farko da aka ba mu jihar Kebbi, lokacin ina saurayi, ƙato, ga zafin kai, sai aka ɗauke ni tsaron layi a wani sito da ake sayar da takin zamani. Aikina ke nan, dorina a hannu, wani tsohon but na gwanjo a ƙafa, ina muzurai. Wanda bai ga zamanin ba bai san yadda muke layi ba. Ba mutum ke tsayawa ba, takalminsa ke tsaya masa. Kowa ya iso da safe sai ya cire wari ɗaya ya ajiye bayan na wanda ya riga shi, ya koma gindin dogonyaro ya zauna. Ana buɗe ƙofa kowa ya ruga ya tsaya kan takalminsa, wanda aka wuce bai iso ba ya sha, sai ya koma can baya.

Ranar da abin ya faru lokacin dashen albasa ne, taki ya yi ƙaranci, mutane sun cika wurin maƙil, na Aliero, na Maiyama, na Kimba. Ana buɗe ƙofa aka ɓarke da gudu da ture-ture. Cikin wannan ƙura na hango wani gurgu yana rarrafe, yana kutsawa tsakanin ƙafafun mutane, ya nufi gaba. Ni a haukata na ɗauka irin masu fakewa da lalura ne su tsallake layi. Na daka masa tsawa ya koma baya, ya ɗaga hannu yana nuna gaba yana faɗin wani abu, hayaniya ba ta bar ni na ji ba, kuma gaskiya ban nemi in ji ba. Na zabga masa dorina a gadon baya har sau uku, bai tsaya ba. Sai na ɗaga but ɗin nan na taka masa hannu da dukkan ƙarfina, na murza. Wallahi har yau ina jin ƙarar ƙashin a tafin ƙafata.

Ashe silifa na uku a layin nasa ne. Shi a hannu yake sa silifa, da su yake tafiya. Ya riga kusan kowa zuwa, ya cire na dama ya ajiye yadda kowa ke yi, to ta yaya mai rarrafe zai yi tsere da masu ƙafa? Hannun da ba silifa, shi na taka.

Ashe ɗan Maiyama ne, mutanen Maiyama suka yo kaina da sanduna da duwatsu, aka fasa mini kai, haƙorina biyu suka zube a wurin. 'Yan Jega suka shigar mini, faɗa ya koma na gari da gari, jini ko ina, aka rufe sito ba wanda ya samu taki. Ta katanga na tsira. Washegari yayana ya cusa ni cikin lorin albasa na yi kudu, na shekara da shekaru ban dawo ba.

Da na dawo na buɗe shagon taki da iri da maganin feshi a Aliero. Kafin in zuba kaya sai da na sa aka yi gangaren siminti a bakin ƙofa, da benci a inuwa, da taga ƙasa-ƙasa daidai wanda ke zaune. Na kafa doka, gurgu, makaho, kurma, tsoho, ba ya bin layi, shi ake fara sallama. Kwastomomi na ta cewa Alhaji akwai tausayi. Wane tausayi? Ni na san tsoro ne.

Bara sai ga wani dattijo a keken guragu, amma ba shi ke murza keken ba, ɗansa Nasiru ke tura shi, wani magidanci mai jan ido. Sunan dattijon Malam Arzika, daga wani ƙauye na Maiyama. Ina ganin hannunsa na dama a dunƙule, yatsun sun karkace, sai na san shi ne. Ban ma tambaya ba shi ya fara ba ni labari, don ya yaba tagar nan. Ya ce da a ce haka ake yi a Jega wancan lokaci da yana da hannu. Ya ce duk fadamarsu ba wanda ya kai shi saurin dashe, tunda shi dama a ƙasa yake. An kawo shi nan Aliero wurin masu ɗori, suka ce ƙashin ya dagargaje ba abin kamawa. Tun daga nan bai ƙara dasa ko tushe ɗaya ba, da gwiwar hannu yake jan jiki. Bai gane ni ba, don bai taɓa ganin fuskata ba, ƙafafuna kawai ya gani. Kullum ya zo sai ya sa mini albarka, sannan ya ce wancan azzalumin kuwa bai yafe ba. Ni kuma in ce amin.

Nasiru kuwa ba na wasa ba ne. Watannin baya wani kwastoma ya yi ƙorafin an fara sallamar tsohon, har ya ce a kawar da wannan keken yana tare hanya. Kafin in buɗe baki Nasiru ya ɗauki dutsen sikeli ya dasa masa a baki, sai da mutum huɗu suka danne shi. Yana huci ya rantse a gabana, duk ranar da ya samu wanda ya nakasa ubansa sai ya ɗora hannunsa kan dutse ya daka da taɓarya, ko da za a rataye shi. Ni na ba shi ruwa ya sha.

Satin da ya wuce aka kawo Malam Arzika, ya rame ƙwarai, jiki ya ƙi, ko magana da ƙyar. Ya sa Nasiru ya ja baya, ya ɗora wannan hannun a kan nawa ya ce, "Alhaji, kai ɗan Jega na, kuma an ce wanda ya taka ni sa'anka na. Ka biɗo min shi. Ban son in mutu ban ga huskatai ba." Na tambaye shi ko yafe masa zai yi. Ya ce sai ya gan shi tukuna zai sani. Bakina ya riga hankalina, na ce in sha Allahu kasuwa mai zuwa zan kawo masa labari.

Saura kwana uku. Matata ba ta san wannan labari ba, 'ya'yana ba su sani ba, abinci ya ƙi shiga. In na ce masa ni ne, Nasiru na tsaye a bayan keke, kuma ba ni da tabbacin tsohon zai yafe. In na tura liman ya yi mini iso, gari ya ji ke nan. In na ce masa mutumin ya mutu, na tsira da hannuna, zai yarda don ya yarda da ni, zai ƙara sa mini albarka, ya tafi kabari da haƙƙinsa a wuyana.

Don Allah 'yan uwa, ku da ba ku san ni ba ku faɗa mini gaskiya. In durƙusa gaban kekensa in ce Malam ga fuskar, ko in yi masa ƙarya in cuce shi karo na biyu?