Gorunan da Nake Shinshinawa a Shagon 'Yata

Anti, don Allah ki ba ni shawara, abin nan ya hana ni sukuni. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na aurar da 'ya'ya sannan na shiga aji na koyi riƙe biro.

'Yata ta fari tana da shagon kayan masarufi a bakin layinmu. Tun rasuwar mahaifinta nake zuwa in taya ta zama. Da can bayan shagon nan juji ne: leda, kwalaye, robobin mai, duk suna toshe mana kwata. Sai ta ce ta gaji. Ta daina ƙulla man girki da sabulun ruwa a leda, ta ajiye manyan jarkoki da mazurari, kowa ya zo da gorarsa a zuba masa. Kwalaye kuwa a ninke a ɗaure, masu saye su zo su kwashe. Gaskiya wurin ya yi fes, har maƙwabta suna yaba mata.

To ni tsorona gorunan ne. Wata rana wata mata ta miƙo gora a zuba mata mai, na lura da ragowar takarda a jiki. Na tsaya na haɗa baƙaƙen a hankali, sai na ga ta maganin ƙwari ce. Ta ce ai ta wanke da toka. Na hana a zuba. Tun ranar, duk gorar da ta shigo sai na buɗe na shinshina, don yawancinsu an ɓare takardar. Ina tunanin a soya wa yara abinci da man nan, wani abu ya same su, a ce daga shagon 'yata aka sayo. Wa zai tsaya tambayar gorar wa ce?

Makon jiya surukar 'yata, uwar mijinta, ta zo da tata gorar. Hannuna ya riga ya saba, ban ankara ba na kai ta hanci a gaban mutane. Ta yi dariya, ta ce ashe ta zo asibiti ne ba shago ba, ko ita ma in shinshina ta. Aka yi ta dariya, amma ta tafi ba ta sayi man ba. Da yamma mijin 'yata ya yi wa matarsa magana a kan abin. Washegari 'yata ta ce mini, cikin ladabi dai, in riƙa hutawa a gida saboda ƙafata. Anti, ƙafata lafiyarta ƙalau.

Yanzu ina zaune a ɗaki, zuciyata na shago. In na koma, ina tsoron in jawo mata matsala a gidan aurenta. In na zauna, wa zai duba gorunan? Ko in matsa mata ta koma wa leda kowa ya huta?

Uwar mai shago

Mama, na gode da wasiƙarki, kuma rubutunki ya fita sarai.

Tsoronki yana kan hanya. Gorar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko kananzir ba ta komawa ta abinci, ko da me aka wanke ta. Kin yi daidai da kika hana. Amma hanci ba ya kama komai, kuma kai irin wannan gora hanci haɗari ne gare ki ke kanki. Sannan ki duba ta ɓangaren mai saye: mace ta wanke gorarta a gida, ta zo a shinshina a gaban jama'a, kamar an ce mata ƙazama ce. 'Yarki ba korarki ta yi ba, ta rasa yadda za ta kare ki ta kare shagonta a lokaci guda.

Kada a koma wa leda. Ki kai mata shawarar musanya. Shago ya tanadi gorunansa na mai, masu alama a jiki, wankakku busassu. Mai saye ya dawo da ta shago, a miƙa masa wata. Baƙuwar gora kuwa a karɓa da fara'a, a huda ta, a tara wa masu sayen robobi. Na sabulu a ware su da wata alama daban. Ka'ida ɗaya ga kowa, ba wanda zai tsargu. Wanke gorunan da dubawa a bayan shago za a yi, kuma wannan aikin ba wanda ya fi ki dacewa da shi.

Kafin nan, ki je gidan surukar da ƙafarki. Ki ba ta labarin waccan gorar ta maganin ƙwari, ki ba ta haƙuri. Jikokinki jikokinta ne, za ta gane. Ki tafi mata da gorar farko mai alamar shago, cike da mai.

Allah ya sanya albarka a kasuwar, ya bar zumunci.