Ƙwaryar Malam Bulus Ba Tsafi Ba Ce

Zuwa ga Shugaban makarantarmu ta sakandare da ke Unguwar Rimi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan Malam Bulus, malamin labarin ƙasa, wanda ka dakatar daga aiki. Na yi ta sintiri ofishinka ana ce mini kana mitin, shi ya sa na kawo maganar a jarida. Ni tsohon ɗalibinsa ne, 'yata Hadiza kuma tana ajin da abin ya faru.

An kawo maka ƙara cewa malami Kirista ya kifa ƙwarya a kan tire, ya zuba mata ruwa, yana karanta wa yara Baibul. Kowa ya san inda hankalin Bahaushe yake tafiya in ya ji ƙwarya a kife, don haka ban ga laifin iyayen ba. Kai ne ya kamata ka tambaya, ba ka tambaya ba.

Na farko, wannan ƙwarya ta girmi Hadiza. Da ita aka koyar da mu a farkon shekarun tamanin, lokacin ina tahowa a ƙafa daga Rafin Guza. Tiren shi ne ƙasa, ƙwaryar ita ce sama. Ya huda ta da allura, in ya zuba ruwa sai ya riƙa ɗiga ciki, mu kuwa muna ihun an yi ruwa. Ya ce haka mutanen dā, na Babila da maƙwabtansu, suka ɗauki duniya: rufi mai ƙarfi, ruwa a samansa, ruwa a ƙarƙashinsa. Sai ya karanto mana labarin halitta na farkon Baibul, inda aka raba ruwan sama da na ƙasa, don mu ji yadda aka yi wa mutanen wancan zamani magana da hoton da suka sani.

Na tuna na ɗaga hannu da rawar kai irin ta yaro, na ce in sai a rana ta huɗu aka halicci rana, da me aka ƙirga kwana ukun farko? Ya yi dariya har da dafa tebur, ya ce, "Kai Sanusi, za ka sa ni zufa! Labarin nan yana gaya mana Wanda ya yi ne. Yadda abin yake tafiya kuwa, ka dawo mako mai zuwa." Malam Isiyaku mai koyar da addinin Musulunci, Allah ya ji ƙansa, yana zaune a bencin baya da carbinsa. Duk tambayar da ta shafi imaninmu, wurinsa Malam Bulus yake tura mu. In an tashi su tafi cin ƙosai tare, suna musu. Wallahi ina kewar wannan zamani.

Na biyu, darasin kashi biyu ne. A mako na biyu yake rufe tagogi, ya kunna fitilar ƙwai, ya juya lemo a gabanta, mu ga dare da rana da idonmu. Ya dafa ruwa a buta ya tara murfi mai sanyi a bakinta, mu ga inda ruwan sama yake fitowa. Daga wannan aji na kama hanyar aikin hasashen yanayi da nake ci da iyalina da shi yau, kuma ban fasa salla ko sau ɗaya ba. Kai kuwa, ranka ya daɗe, a tsakiya ka tsinke darasin. Ka ji tsoron a ruɗa yara, ga shi ka bar aji guda da sama ta ƙwarya.

Roƙona shi ne ka kira iyayen da suka yi ƙara, ka zauna tare da su a bencin baya, ya yi darasin daga farko har ƙarshe. In kun ga tsafi ko wa'azi, ni zan fara sa hannu a kore shi. In ba ku gani ba, ka wanke sunansa a gaban asambili, ka mayar masa da ajinsa.

Kuma ka hanzarta. Na je gaishe shi a Kinkinau na tarar matarsa ta sauke labulaye, an ɗaure katifu. Yaran layin da ya koya wa karatu sun fara kiransa boka, ya ce gara su koma ƙetaren kogi, inda Kiristoci suka fi yawa. Maƙwabtanmu da yawa sun haye gadar nan a 'yan shekarun nan, kuma har yau ban ga wanda ya dawo ba.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon yin adalci tun motar kaya ba ta iso ba.

Wassalam.

Naka,
Sanusi, mahaifin Hadiza