Wuyan Zulkiflu

Lembah Pantai, Kuala Lumpur
3 ga Maris

Zuwa ga uwargidana Larai,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da maƙwabta. Yaya gwiwar taki?

Na iso lafiya, na ga jikanmu Zulkiflu! Larai, hancinki ne sak. Da surukarmu Nuriyya ta miƙo mini shi, sai da na yi hawaye. Abu ɗaya ne, wuyansa ya karkata hagu, akwai ƙulli a jijiyar kamar ƙwayar gyaɗa. Shekara talatin ina tausa, kin san irinsa nawa na warware. Amma ɗanki Muttaka ya ce in dakata. Digirinsa a kan tausar Sinawa ne, wadda suke kira tuina. Ya ce da can labarin tsofaffin masu tausa ake rubutawa, yanzu kuwa bincike ya koma gwaji a kan jarirai, kuma malamarsa wannan ciwon take gwadawa, har an sa yaron a ciki. Sana'ata ce fa ake karantawa a jami'a!

Mijinki,
Usaini

17 ga Maris

Larai,

Ina gaishe ki, da fatan gida lafiya. Ni dai raina ba daɗi.

Na raka su wurin gwajin. Matar da ke tausar shafa yaron kawai take yi, yatsanta ko kusa da ƙullin bai je ba. A jirgin ƙasa na faɗa wa Muttaka. Sai ya ce ƙuri'a aka jefa: rabin jariran tausar gaske, rabi ta bogi, don a gane ko tausar ce ke warkarwa. Iyaye ba sa sanin rabon ɗansu. Bayan mako takwas kowa zai samu ta gaske. Ya roƙe ni kada in taɓa yaron, wai zan ɓata musu sakamako. Mako takwas, Larai, jijiya tana ƙara tauri, ni kuma ina zaune da hannuwana a cinya.

Usaini

20 ga Afrilu

Larai,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa kin ji sauƙi.

Na saɓa wa Muttaka. Kullum da safe in ya tafi jami'a, Nuriyya ta ɗumama man kaɗanya in yi abin da na iya. Cikin mako uku ƙullin ya narke.

Sai Muttaka ya dawo wata rana jiki a sanyaye. Malamarsa ta rubuta cewa Zulkiflu ya warke da shafa kawai, har ta fara shakkar amfanin tausa. In na yi shiru, aikin hannuna ne zai zama shaidar cewa tausa banza ce. Na faɗa masa gaskiya. Shi ma bai ɓoye wa malamar ba. Ta cire yaron daga gwajin, ta cire Muttaka daga aikin da ya shekara biyu yana yi.

Bai yi mini rashin kunya ba, gara ma da ya yi. Ya daina cin abinci da ni, ya matso da ranar tafiyata. In na gifta a falo, yaron yana juya kai ya bi ni da ido. Ubansa ba ya ɗagowa.

Ki sa a share mini ɗaki, Laraba ina tafe. Ki gaida kowa.

Mijinki,
Usaini